Kauɗar 'Yan Aji Uku

Ranar da takardar ta iso daga ofishin ilimi na shiyya, Malama Zuliha ce kaɗai ta yi murna a ɗakin malamai. Sauran duk suka ɓata rai kamar an aiko musu da saƙon rasuwa. Takardar ba ta da tsawo. Cewa ta yi daga wannan shekarar karatu ta 2005, makin nan arba'in cikin ɗari da malami ke ba 'yan aji uku kafin jarrabawar fita daga ƙaramar sakandare, wanda malamai ke kira si-e, ba za a ƙara karɓarsa da ka ba. Za a turo mai tantancewa, wato modareta, ya zauna ya ga aikin kowace yarinya da idonsa. Inda ya ga aiki, maki ya tsaya. Inda bai gani ba, a raba makin biyu a zubar da rabi.

Zuliha ta ce alhamdulillahi a fili, har aka juyo ana kallonta. Shekara bakwai tana koyar da aikin gona a ƙaramar sakandaren 'yan mata ta Gidan Inno, tsakanin Kura da Bunkure, kuma shekara bakwai tana kallon yadda ake cike takardar si-e: ranar ƙarshe, a gindin darbejiya, ana hira ana zuba lambobi kamar ana watsa wa kaji tsaba. An taɓa ba wata yarinya talatin da biyar alhali ta bar makarantar tun zangon farko. Abin yana ci mata rai, ita kuwa ba mai iya haɗiye magana ba ce. Shi ya sa ba ta da farin jini a wajen, ba ta kuma taɓa nema ba.

Ita makinta a gona take bayarwa. Bayan katangar makarantar akwai filin wani dattijo, Alhaji Jaji, a bakin ƙaramin kanal, magudanar ruwan noman rani. Duk rani yakan ara mata gefe guda, bisa sharaɗin da kowa a yankin ya sani ba sai an faɗa ba: aron rani ne, ranar da ruwan sama ya sauka gona ta koma hannun mai ita. A nan take yanka wa kowace yarinya fangalinta, ɗan fili mai kunya kewaye da shi don riƙe ruwa. A bana fangali talatin da shida ta yanka. Kowace ta yi renon irin tumatirinta, ta yi dashe, ta yi ban ruwa ranar da aka sako wa ɓangarensu ruwa, ta cire ciyawa, ta tsinka. Zuliha tana bi da littafinta tana rubutawa, ba ta ƙara wa kowa, ba ta rage wa kowa. Akwai wadda ta ba maki tara, uwarta ta zo har makaranta da mayafi a kafaɗa, ta koma da tara ɗin.

Akwai kuma Ummukulsum, wadda ta ba talatin da takwas.

Ummukulsum 'yar shekara goma sha biyar ce, siririya, ba ta da yawan magana. Idan aka miƙa mata takardar jarrabawa da Turanci sai ta zuba mata ido kamar takardar za ta ji tausayinta. Amma a bakin fangali wata aba ce daban. Da yatsa take gane ƙasa ta ƙoshi ko da saura. Ita ce ta fara ganin tsutsa a ƙarƙashin ganye kwana uku kafin Zuliha ta gani, kuma ita ce ta nuna wa 'yan ajin yadda ake toshe bakin tiyo da tafin hannu a fizgo shi har ruwa ya haura gefen kanal da kansa. Lissafin Zuliha a kanta mai sauƙi ne. Sai yarinya ta ci darasi shida ake ba ta gurbi a babbar sakandare. Ummukulsum za ta iya lallaɓa biyar. Na shidan aikin gona ne, inda ake neman arba'in a tsallake. A rubutacciyar jarrabawa da ƙyar za ta kawo goma sha biyar, amma da talatin da takwas ɗinta na gona ta wuce har da ragi. Idan aka raba mata shi biyu, ta faɗi. Mahaifinta ya riga ya faɗa, ba da faɗa ba, cewa in ta ci ta ci gaba, in ba ta ci ba to ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Takardar shiyya ta ce modareta zai zo a watan Maris. Da ya zo a lokacin, da ya tarar da fangali talatin da shida sun yi jajir. Amma Zuliha ta san halin ofis. Wanda ya sa ranar a birni yake zaune, kuma a wajensa tumatir abu ne da ke tsiro a faranti a kasuwa. Don haka da aka yi tsinka ta ƙarshe sai ta sa kowace yarinya ta ware kwano guda daga amfaninta, ta yanka, ta shanya, ta mai da shi kauɗa, ta ɗaure a ƙyalle. A bakin kowane ƙulli aka ɗaura 'yar takarda mai sunan yarinya da lambar fangalinta. Ta jera ƙulli talatin da shida a kan katako a siton makaranta, ta ƙirga sau biyu, ta kulle. A taron malamai ta miƙe ta faɗa wa shugaban makaranta, Malam Yusuf Alamin, cewa abin da ke sito shaidar aikin 'yan aji uku ce, kada a taɓa. Ya gyaɗa kai sau uku. Shi Malam Yusuf yana gyaɗa wa kowa kai, har mai tallan gyaɗa, ba don yana ji ba.

Maris ya wuce ba modareta. Afrilu ma haka. Aka ce motar shiyya ce ta lalace, daga baya aka ce fom ne ba a bugo ba. A tsakiyar Mayu ruwa ya sauka, washegari Alhaji Jaji ya aiko da gaisuwa, bayan gaisuwar kuma garma ta shiga. Kafin mako biyu wajen ya zama tafkin shinkafa, ko alamar kunya ɗaya babu. Zuliha ba ta ga laifinsa ba. Dattijon bai karya alkawari ba, masu takarda ne suka karya nasu.

Sai a makon farko na Yuni aka aiko cewa ran Talata yana tafe. Nan fa makaranta ta rikice. Malaman da suka shekara ba su ba da aiki ba suka sayo sababbin littattafai, suka zaunar da yara kwana huɗu suna kwafe daga allo, ana sa musu kwanan watan bara a saman shafi. Wani malami har ya ce a riƙa murza littattafan a ƙasa don su yi kama da tsofaffi. Malam Yusuf ya kira Zuliha ofis ya ba ta shawara cikin taushin murya, ya ce ita ma ta sa nata su zana tumatir a littafi, su rubuta sassansa, ko don a samu abin ajiyewa a kan tebur. Ta ce masa yaranta ba zanen tumatir suka yi ba, nomansa suka yi, kuma ba za ta koya musu ƙarya a makon ƙarshe bayan ta shekara tana koya musu noma ba. Ya gyaɗa kai.

Modaretan ya iso da hantsi cikin wata tsohuwar fijo ruwan toka, shi yake tuƙa kansa. Sunansa Malam Musbahu Marwa, mutum mai tsafta, da biro uku a aljihun gaba da agogon da yake duba kowane minti biyar. Tun kafin ya zauna ya sanar cewa makarantu uku ne a gabansa yau, kuma dole ya kai Madobi kafin la'asar. Aka shigar da shi ofishin shugaba, malamai suka yi layi a baranda da tulin littattafansu. Zuliha tana kallo ta taga. Yana ɗaukar littafi, ya buɗe tsakiya, ya ga jan biro, ya rufe, ya sa hannu. Littafin da tawadarsa ba ta gama bushewa ba ya wuce lafiya lau. Ta daure ta jira layinta, don ta san abin da ke jiran mutumin a sito.

Da layi ya zo kanta ta gaishe shi, ta ajiye littafinta na maki. Ya duba, ya ɗaga gira da ya ga talatin da takwas, ya ce littafin malami magana ce ta malami, shi aikin ɗalibi aka aiko shi gani. Ta ce haka ne, ta kuma ji daɗin da ya faɗi haka. Ta roƙi minti biyu, ta nufi sito da mukulli a hannu tana tafiyar mai gaskiya.

Ƙofar a buɗe take. Katakon yana nan, tas, ko ɓawo ɗaya babu a kai.

Ta tsaya tana kallon katakon kamar zai yi mata bayani. Ta duba ƙasa, ta duba bayan tsofaffin benci, ta ɗaga buhunan alli. Mukulli biyu ne da siton, ɗaya nata, ɗaya na masinjan makaranta, Baba Dogo. Ta fito da sauri tana tambaya, aka ce an aike shi gidan shugaba ya karɓo abincin baƙo. Ta bi hanya da kanta cikin taɓo, takalminta yana cije ƙasa, ta isa gidan aka ce ai yanzu ya fita ta ɗaya hanyar. Ta juyo. Kafin ta dawo ofis rabin sa'a ta wuce, kuma Malam Musbahu ya riga ya gama da ita. A gaban darasinta, a fom ɗinsa, ya rubuta da baƙar tawada cewa ba a ga shaida ba, ya sa hannu, shugaba ya sa nasa a ƙasa. Ya ce ya jira ta iyakar abin da lokaci ya bari. Malam Yusuf bai ɗago ya dube ta ba, ya shagala da gyara kwanukan tuwon shinkafa da miyar kaza a kan tebur.

A baranda ta samu Baba Dogo yana wanke hannu. Tsoho ne mai mutunci, ya fi shekara ashirin a makarantar, bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Da ya gan ta sai ya washe baki, ya sa hannu a aljihu ya fito da wasu 'yan takardu a ɗaure da zare, ya miƙa mata da hannu biyu.

“Ga su nan, Malama, na adana miki. Na ga da rubutu a jiki, na ce ba a yar da rubutu a ƙasa.”

Ta karɓa. Sunan farko da ta gani shi ne Ummukulsum, fangali na sha ɗaya.

Sauran bayanin bai yi wuyar fitowa ba, don tsohon bai san akwai abin ɓoyewa ba. Da safe shugaba ya kira shi ya ce a haɗa wa baƙo tsaraba. A wannan yanki babban mutum ba ya zuwa daga birni ya koma da but ɗin mota wayam, abin kunya ne ga gari gaba ɗaya. Da rani ne da an cika masa kwando da ɗanyen tumatir da albasa, to yanzu damina ce, shinkafa ba ta nuna ba, ba komai a gari. Sai shugaba ya tuna akwai kauɗa a sito, ya ce a ɗauko. Baba Dogo ya je ya ga ƙulli ƙulli kamar kayan mai maganin gargajiya, ya ga ba girman makaranta ba ne a miƙa wa jami'in gwamnati irin wannan. Ya samo buhu mai tsafta, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya juye, ya girgiza don su zauna, ya ɗinke baki da basilla. Buhun yana but ɗin fijo tun kafin baƙon ya gama shan ruwa. Har ya ƙara da cewa buhun ya yi kyau ƙwarai, ya cika fam.

Zuliha ba ta ɗora wa tsohon laifi ba. Ya yi abin da aka tashe shi a kai, ya yi shi da kyau. Fushinta na mutumin da ya gyaɗa kai sau uku ne. Wata biyar na ban ruwa, yara suna zuwa da sassafe kafin a buga ƙararrawa, wasu da ƙafa daga ƙauyuka, shi duk a idonsa kayan miya ne da za a toshe bakin baƙo da shi. Bai ma yi da mugunta ba, wannan ne ya fi ƙona mata rai. Bai ɗauki abin a bakin komai ba har da zai yi masa mugunta.

Tana tsaye da takardun a hannu suka fito, baƙon yana goge baki, shugaba yana biye da shi riƙe da jakarsa. Ta riga su zuwa motar ta tsaya a bayanta.

“Yallaɓai, a buɗe but.”

Malam Yusuf ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce Malama Zuliha akwai barkwanci. Ta maimaita, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shaidar da aka rubuta ba a gani ba tana cikin motar nan, kuma motar ba za ta motsa ba sai an gan ta, sai dai a bi ta kanta. Malam Musbahu ya dubi shugaba, ya dubi agogo, sannan ya buɗe.

Ta sa aka kawo tabarma. Da hannunta ta tsinke ɗinkin ta juye buhun. Kauɗa ta bazu, wata baƙa, wata ruwan ƙasa, wata ja. Ta aika a kira 'yan aji uku, suka zo suka kewaye tabarmar suna rarraba ido. Modaretan ya ce, cikin ladabi, ya ga tumatir busasshe, amma na wa ne? Buhu ɗaya ba ya nuna aikin mutum talatin da shida.

Zuliha ta ce, “Ummukulsum, fitar da naki.”

Yarinyar ta durƙusa. Ba ta yi wata shakka ba, ta fara tsinta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kowa a yankin, gida biyu yake raba tumatir ya baza a ƙasa a bakin titi. Ita kuwa gida uku take yanka nata, a kwance, ta shanya a kan gadon kara da ta ɗaga daga ƙasa, ta kwashe kafin raɓa ta sauka. Shi ya sa nata ya fita daban, ja wur, sirara, ba ƙura. Cikin ɗan lokaci ta tara tsibi a gefe. Sauran yaran da suka ga haka suka durƙusa su ma, wannan ta ce wannan yankan wuƙar gidansu ce, waccan ta ce nata ne mai ƙonewa a gefe don a kan kwanon rufi ta shanya. Har mai maki tara ta gane nata, baƙi mai fumfuna, ta ja shi gefe tana sunkuyar da kai. Babu wadda ta yi jayayya da wata.

Malam Musbahu ya daina duba agogo. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga tsibin Ummukulsum, ya ɗaga a rana, ya sa a baki ya tauna a hankali. Ya ɗauki ɗaya daga wani tsibin ya tauna, haƙorinsa ya ci karo da yashi, ya tofar. Ya tambayi yarinyar kwana nawa take bari tsakanin ban ruwa da ban ruwa idan tumatir ya fara fure, ta amsa da Hausa tana kallon ƙasa, ta ƙara masa da dalili. Zuliha ta ga fuskarsa ta sauya. Ashe ɗan manomi ne, ya sani. A lokacin ta ɗauka magana ta ƙare, har ta fara raba takardun sunaye don kowace ta ɗora a kan tsibinta.

Sai Malam Musbahu ya ja ta gefe, shugaba ya biyo su.

“Malama, na yarda da ke. A makarantu goma sha ɗaya da na zaga ban ga aiki irin wannan ba. Amma na riga na sa hannu da tawada. In zan canja, sai na rubuta dalili a bayan fom, in faɗi inda aka samo shaidar da abin da ya raba ta da sunayenta. Me zan rubuta? A but ɗin motata?”

Ta ce ya rubuta gaskiya mana.

Ya ce shafi na biyu na takardar da ta kawo shi ya hana modareta karɓar ko ruwan leda daga makaranta. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya. Bai roƙi buhun ba, bai ma san da shi ba sai da aka raɗa masa wajen cin abinci, amma wa zai tsaya jin wannan a ofis? Malam Yusuf ya karɓe zancen, ya ce idan aka rubuta shi ma ya shiga uku, shi da ya bayar, kuma sunan makaranta ne zai ɓaci, kuma ai don a kyautata wa yaran ne aka yi tsarabar tun farko, don baƙo ya sassauta hannu. Ya ce ta yi haƙuri, Allah zai ba yaran wata hanyar.

Nan Zuliha ta fashe. Ta ce wa shugaba kada ya sake ya sa sunan Allah a cikin wannan ƙazanta. Ta ce masa ya ɗauki gumin yaran ya yi kyauta da shi, yanzu kuma yana so su biya kuɗin kunyarsa da makinsu. Ta juya kan baƙon ta ce da safen nan ya sa hannu a kan littattafai sama da ɗari biyu da aka kwafe a kwana huɗu, shi ya sani, ita ta sani, bangon ofis ɗin ma ya sani, bai ji tsoron ofis ba. Sai aikin gaskiya guda ɗaya da ya taɓa da hannunsa, ya tauna da haƙorinsa, shi ne alƙalaminsa ya kasa. Ta ce an turo shi ya raba gaskiya da ƙarya, ya kuwa raba, ya ɗauki ƙaryar ya sa a jaka.

Bai musa ba. Da ya musa da ta fi samun sauƙi. Ya tsaya ya saurara har ta gama, ya ce tana da gaskiya, ya ce zai yi magana da baki idan ya koma, ya ga abin da za a iya yi. Ya ce a bar musu kauɗarsu, shi ba zai tafi da ita ba. Ya rufe but ɗin da babu komai a ciki, ya shiga mota, ya kama hanyar Madobi da tsaftataccen suna. Yaran suna durƙushe a bakin tsibinsu, suna tsammanin an gama lafiya, har wasu suna ɗaga masa hannu.

Ta rubuta takarda uku zuwa shiyya. Ta farko shugaba ya ƙi sa mata hannu a wuce da ita, kuma ba a karɓar takardar malami sai ta bi ta hannun shugabansa. Ta biyu ta kai da kanta, aka ce ta dawo. Ta uku aka amsa da layi biyu, cewa rahoton modareta shi ne ƙarshe, kuma ana shawartar malamar da ta riƙa adana aikin ɗalibai yadda ya kamata. Ta karanta wannan layin a tsaye a ɗakin malamai, ta yi wata irin dariya da ta sa kowa ya sami abin yi a waje.

Sakamako ya fito a watan Satumba. Ummukulsum ta kawo goma sha biyar a rubuce, daidai yadda Zuliha ta lissafa, aka haɗa da sha tara. Talatin da huɗu. Darasi biyar ta ci.

Da rani ya zagayo Zuliha ba ta je wajen Alhaji Jaji neman aro ba. Shugaba ya kafa doka cewa duk aikin si-e a littafi za a yi shi, ita ma kuma ta gaji da jefa yaran mutane a rami saboda taurin kanta. Wata Alhamis a watan Fabrairu ta hau acaɓa za ta Kura, jakarta cike da littattafan sababbin 'yan aji uku, arba'in da ɗaya, kowanne da zanen tumatir iri ɗaya da kibiyoyi suna nuna saiwa da ganye. A hanyar Kadawa, inda mata da 'yan mata ke zama a bakin titi suna yankan tumatir ana shanyawa, ta hango wani gadon kara guda ɗaya a ɗage daga ƙasa, a tsakiyar shanyar da aka baza a turɓaya. Ta ce wa mai babur ya tsaya.

Ummukulsum ta ajiye wuƙa ta taso da gudu, ta durƙusa ta gaishe ta, hannayenta jajir har gwiwar hannu. Ta tambayi makaranta, ta tambayi Baba Dogo, ta tambaya ko an ba wata fangali na sha ɗaya. Zuliha ta ce bana ba a yi gona ba. Yarinyar ta shiga murza bakin hijabinta. Da alama akwai abin da ta daɗe tana riƙe da shi.

“Malama, don Allah in tambaye ki. Ranar nan da mutumin ya tauna nawa, yashi ya ji ne? Na yi ta tunani. Akwai rana ɗaya da iska ta taso ban kwashe da wuri ba.”

Zuliha ta lissafa a ranta. Wata takwas yarinyar nan tana neman laifin a jikin aikinta. Babu wanda ya faɗa mata abin da ya faru, har ita Zuliha, da ta ƙarar da ƙarfinta a kan rubuta wa ofis takarda.

“Babu yashi, Ummu. Ko ƙwaya ɗaya babu. Naki ya fi na kowa, shi ma da bakinsa ya faɗa.”

“To me ya sa, Malama?”

Mai babur ya danna oda. Zuliha ta dubi gadon karan, ta dubi jakar da ke kafaɗarta, ta rasa ta inda za ta fara. Ummukulsum ta ga malamarta ta kasa, sai ta ji kunyar tambayar, ta ce a bari kawai. Ta juya da sauri ta ɗebo kauɗa daga kan gadon, mafi ja a ciki, ta ɗaure a leda. Zuliha ta ce a'a, ta ja da baya, ta ce wallahi ba za ta karɓa ba. Yarinyar ta ce ai ba zai yiwu Malama ta zo har wajen sana'arta ta koma hannu wayam ba, ta buɗe jakar da kanta ta tura ƙullin a kan littattafan.